SystemRescue a filashi: abin da na gani ranar da sabar makaranta ta ƙi tashi

Abokan aiki suna yawan tambayata wai me nake yawo da shi a aljihu in an kira ni gyaran saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai tana yi wa sauran hidima, to ga amsar yau kowa ya huta. Wani tsohon filashi ne mai giga 8, murfinsa ma ya ɓata tun tuni, na ɗaure shi da zare a jikin makullin mashin ɗina, abin da ke cikinsa kuma SystemRescue ne, wato wani Linux na gyara da ake tada kwamfuta da shi daga filashi in nata tsarin ya ƙi tashi. Kyauta ake sauke shi, ko sisi ba a biya, datarka kawai zai ci. Na kai shekaru ina amfani da shi a ƙananan abubuwa irin su raba faifai ko kwafe fayil daga laftof ɗin da Windows ɗinta ta mutu, amma ban taɓa gwada shi a ranar da ido ya raina fata ba sai cikin hunturun da ya wuce, shi ya sa sai yanzu nake ganin ina da bakin faɗin ra'ayina a kansa.

Ina kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a nan Kano, ba cikakken ma'aikacinsu ba ne ni, in abu ya lalace ne a kira ni. Saba ɗaya ce da su, Debian ce a kai, wato wani nau'in Linux, ni na ɗora da hannuna. Faifan ajiya biyu ne a ciki, wato had dis, kowanne tera 1, na haɗa su RAID 1 da wata manhaja mai suna mdadm, ma'ana duk abin da aka rubuta a ɗaya yana nan a ɗayan kamar madubi. Makin ɗalibai yana ciki, lissafin kuɗin makaranta yana ciki, ga manhajar gwajin jarrabawa ta kwamfuta da 'yan aji shida suke atisaye da ita kafin JAMB. Ranar da na haɗa ta har da bugun ƙirji nake wa mai makarantar, nace Hajiya ko faifai ɗaya ya mutu ba za ki ma sani ba, ɗayan zai ci gaba da aiki. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Ranar Asabar da safe ina shan koko wayata ta yi ƙara. Hajiya ce. "Malam, kwamfutar nan taka ta ƙi kawo komai fa, ga malamai sun cika ofis za su shigar da maki, jibi Litinin muke ba da rifot." In tana aiki lafiya tamu ce, ranar da ta lalace ta zama tawa ni kaɗai. Nace ranki ya daɗe gani nan zuwa, kar kowa ya ƙara taɓa ta. Ashe daren Juma'a an yi ta wasa da wuta, a kawo a ɗauke a kawo a ɗauke, batiran inbata kuma dama sun gaji, saba ta mutu ba shiri, da safe mai gadi ya danna maɓalli ta kunnu fanka na juyawa amma shiru.

Da na isa na jona mata sikirin da kibod, baƙin allo ne da rubutu layi ɗaya yana cewa bai ga faifan da zai tashi da shi ba. Na kara kunne a jikin akwatin sai naji wani ƙas, ƙas, ƙas, a hankali, ya yi sau uku ya tsaya ya sake. Duk wanda ya taɓa jin wannan ƙarar ya san kan karatun faifai ne yake ta kai da kawowa ya kasa samun hanya. Na buɗe akwatin, ƙurar hunturu ta yi masa bargo a ciki, fankar gaba kamar an lulluɓe ta da auduga. Na shiga BIOS, wato saitin farko na na'urar, faifai ɗaya kawai yake gani. Nace to ai ba komai, dama don irin wannan ranar aka yi madubin, na mai da faifai na biyu kan gaba a jerin tashi, na ajiye na sake kunnawa ina murmushi yaron da ke taya ni aiki yana kallona. Ba abin da ya fito sai ɗan farin layin nan yana ƙyaf-ƙyaf a saman kusurwar hagu. Minti ɗaya, biyu, biyar. Anan murmushin ya ɗauke.

Bari in ɗan yi bayanin abin da ya faru don wanda bai saba ba, saboda in ba ka fahimci yadda na'ura take tashi ba duk kayan aikin duniya ba zai amfane ka ba. Sabar tamu tsohon tsarin BIOS take bi ba UEFI ba. In ka kunna ta, BIOS yana zuwa ya karanta bayit 512 na farkon faifai, wanda ake ce wa MBR, a ciki 446 ne na ɗan guntun shirin da zai fara tada na'ura, 64 na jadawalin yadda aka raba faifan, sauran 2 ɗin alama ce kawai. Wannan ɗan guntun shi ne zai kira sauran GRUB, wato shirin da ke tada Linux, da ke ɓoye a filin da ke bayan MBR kafin yanki na farko, GRUB ya ɗauko kanel, wato zuciyar Linux, da initramfs, ɗan ƙunshin fayil da ke taya shi farawa, su kuma su haɗa RAID su nemo tushen tsarin, sannan systemd, mai kunna sauran ayyukan tsarin, ya karɓa. To madubin mdadm yankunan da ka ba shi kawai yake kwafewa, ba ruwansa da waccan farkon faifan, tana wajen iyakarsa. Ranar da na ɗora Debian ya tambaye ni ina zan sa GRUB na zaɓi faifai na farko na wuce abina. Kenan duk shekarun nan na biyun yana da komai na makaranta amma ba shi da makullin ƙofa. Laifina ne ɗari bisa ɗari, ba na Debian ba, ba na mdadm ba.

Sai na ciro makullin mashin.

Abu na farko da zan yaba shi ne SystemRescue ya tashi ba gardama, kuma ya ga komai, katin netwok, faifai, har faifan USB da na zo da shi. Akwai zaɓi a menu ɗinsa na farko da yake kwashe kansa gaba ɗaya ya zuba a RAM, copytoram suke ce masa, shi nake zaɓa kullum in RAM ta kai, don bayan ya gama za ka iya zare filashinka ka yi wani amfani da ramin, kuma ba ruwanka da tsoron wani ya bangaje shi yana tsaka da aiki, wanda a ofis mai cike da malamai ba abin mamaki ba ne. Yana sauke ka kai tsaye a baƙin allo a matsayin root, wato mai cikakken iko a kan komai, ba tambayar kalmar sirri. In kana son tagogi da linzami ka rubuta startx ya buɗe maka Xfce, a nan GParted mai raba faifai yake da burauza. Ni dai ranar ban buɗe ba sai can daga baya.

Wani Bafaranshe ne ya fara SystemRescue, François Dupoux, shi ne kuma ya rubuta FSArchiver da ke ciki. Da sunansa SystemRescueCd, a kan wani nau'in Linux mai suna Gentoo aka gina shi, a 2019 suka koma kan wani nau'in, Arch Linux, daga baya a 2020 suka yanke Cd ɗin daga sunan tunda yanzu waye ma yake da sidi. Na kawo wannan ne saboda zamansa ɗan gidan Arch ya ɗan ba ni wahala a gaba, zan faɗa.

Na fara da lsblk, umarnin da ke jero faifai, don in ga waye waye. Nan dole mutum ya nutsu, saboda haruffan sda da sdb da Linux yake kiran faifai da su ba su da amana, faifan da ka sani a matsayin sdb in ɗan'uwansa ya ɓace shi zai zama sda, filashinka ya zama sdb, in ka yi ganganci ka rubuta umarni da ka daga abin da ka haddace to kanka za ka goge. Ni abin da nake yi, lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL, in rubuta lambar jikin kowane faifai a takarda, in leƙa cikin akwatin da tocilan waya in tabbatar wanne ne wanne. Faifan mai ƙas-ƙas ya ɗan bayyana bayan na canza masa waya, dmesg kuwa, mai nuna saƙonnin kanel, sai ambaliyar kurakuran karatu yake. Na yi smartctl -a a kansa don duba lafiyarsa, da ƙyar ya amsa, layi na 5 da na 197, wato sassan da suka lalace aka sauya musu wuri da waɗanda ke jiran a sauya, duk sun yi sama sosai. Na kashe na zare shi gaba ɗaya na ajiye a gefe, tunda duk juyin da ya ƙara yi ƙara cin kansa yake. Na biyun kuma alhamdulillahi layukan nan duk sifili.

Na zo kan RAID. cat /proc/mdstat ya nuna min shi da suna md127 ba md0 da na sani ba, kar wannan ya tsorata kowa, haka Linux yake yi in ya ga RAID ɗin da ba na gidansa ba, sai ya fara ba shi lamba daga 127. Yana kwance bai tashi ba don yana jiran ɗan'uwansa, na ce masa mdadm --run ya tashi da ƙafa ɗaya, alamar nan ta U ɗaya da ɗan layin ƙasa ta fito. Amma abin da ya sa zufa ta karyo min duk da sanyin hunturu shi ne, kafin in zare faifan farko na yi mdadm --examine a kan su biyun, sai naga ranar ƙarshe da aka rubuta wani abu a na farkon ta kai wata biyar baya. Wato tun damina mdadm ya kore shi daga madubin, makaranta tana tafiya a kan faifai ɗaya ba wanda ya sani, shi kuma mara lafiyan aikinsa ɗaya kawai ya rage, ya miƙa GRUB in an kunna. Akwai layin MAILADDR a mdadm.conf da za ka sa imel ɗinka ya turo maka saƙo in irin haka ta faru, ni ban taɓa saita shi ba. To maganar da na yi wa Hajiya cewa ko ɗaya ya mutu ba za ta sani ba ta tabbata, sai dai ni ma ban sani ba.

Yaron nawa yace Oga a gyara GRUB ɗin kawai mu tafi mana. Nace a'a, ba a taɓa komai sai an kwafe. Wannan ɗabi'ar na koye ta ne da tsada a wani wuri da ba zan faɗa ba, garin neman gira na kusa rasa ido. Na ɗora md127 a /mnt da -o ro, karatu kawai ba rubutu, na jona faifan USB na sa rsync -aHAX ya kwashe foldar MariaDB, wato rumbun bayanan, da foldar manhajar da /etc mai saituna. Hajiya ta leƙo sau uku cikin minti arba'in ɗin nan, na uku ta zo da lemo da ruwa tace "Malam ka faɗa min gaskiya, makin yaran nan yana nan ko in sa malamai su fara haɗawa da hannu?" Na juya mata sikirin na nuna mata sunayen fayil suna gudu, ba ta gane komai ba amma ta ga sunan makarantarta a jikin wata folda, tace to Allah ya yi albarka ta fita.

Bayan an gama kwafa na sauke md127 na yi fsck, mai duba tsarin ajiyar fayil ya gyara. Da -n na fara, wanda yake dubawa kawai ya faɗa maka abin da ya gani ba ya gyara komai, naga ƙananan abubuwa ne irin na wanda wuta ta ɗauke masa yana cikin rubutu, sannan na bar shi ya gyara. Tsarin ajiyar fayil ɗin Ext4 ne, bai ɗau lokaci ba. Ga wanda nasa ya fi nawa muni har yana cewa bai ga superblock ba, wato wurin da ke riƙe da babban bayanin tsarin fayil, akwai kwafinsa a warwatse cikin faifan, yawanci e2fsck -b 32768 yana kamawa, in kuma XFS ne to xfs_repair ne naka, duk suna cikin filashin. Abin da nake so da shi kenan, ba sai ka nemi intanet ka sauke wani abu ba a lokacin da hannunka ke rawa. Akwai TestDisk da PhotoRec na Christophe Grenier in jadawalin faifai ne ya goge ko fayil ya ɓace, akwai GNU ddrescue in faifan da ke mutuwa shi kaɗai ne da kai kana so ka tsamo abin da ya samu, yana rubuta taswirar inda ya tsaya saboda ko wuta ta ɗauke ka ci gaba daga nan, wanda a ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai Memtest86+ a menu in kana zargin RAM. Ranar ban buƙace su ba amma sanin suna nan ma kwanciyar hankali ne.

Sai chroot, wato ka shiga cikin tsarin da ya ƙi tashi ka zauna kamar shi ne yake aiki. Na ɗora md127 a /mnt, na jona masa /dev da /proc da /sys da mount --bind, na rubuta chroot /mnt /bin/bash, na shiga. Na buga grub-install sai yace wai ba shi da wannan umarnin. Kai! Na tsaya ina kallon allo, nace ko fsck ya cinye min wani abu ne. Ashe ba komai ba ne, zancen Arch ɗin nan ne. A Arch an tattara umarnai a /usr/bin, shi kuma Debian grub-install ɗinsa yana /usr/sbin, ni kuma na shigo da PATH, wato jerin wuraren da ake neman umarni, na gidan Arch cikin gidan Debian, to ina zai gani. source /etc/profile kawai na yi komai ya dawo. Minti goma wannan ɗan abin ya cinye min ina zargin abubuwan da ba su ji ba ba su gani ba. Daga nan grub-install --target=i386-pc a kan faifan gaba ɗayansa ba yanki ba, update-grub, update-initramfs -u, na fita na sauke komai na sake kunnawa.

Shuɗin menu na GRUB ya fito, yaron nawa har da tafi. Rubutu ya fara gudu, can sai ya tsaya a wani layi yana ƙirga daƙiƙa zuwa minti 1 da daƙiƙa 30, yana jiran wani faifai, da lokacin ya cika ya jefa mu yanayin gaggawa, ya kuma ƙara da cewa ba zai buɗe min ba don asusun root a kulle yake. Tsugune ba ta ƙare ba kenan. Wannan ma aikina ne, akwai wani faifan waje da na jona musu don ajiyar ko-ta-kwana, a /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera faifan da za a ɗora a wajen tashi, na rubuta shi da sunan /dev/sdc1, yanzu da faifai ɗaya ya fita haruffa sun matsa, babu wani sdc kuma, shi kuwa systemd duk abin da ka rubuta a fstab ba tare da nofail ba ɗauka yake wajibi ne, in bai gani ba ba zai wuce ba. Na koma filashi, blkid ya ba ni UUID ɗin faifan, wato lambarsa da ba ta canzawa in haruffa sun matsa, na buɗe fstab da nano na sauya, na ƙara nofail. Wajen azahar saba ta tashi har ƙarshe, malamai suka fara shigar da maki, wani malamin lissafi yana ta mita wai an ɓata masa Asabar.

Daga baya ne na tuna akwai wani zaɓi a menu ɗin SystemRescue, findroot, wanda yake neman Linux ɗin da ke kan faifanka ya tada shi da kanel ɗin filashin, da shi na bi wataƙila da na gyara GRUB daga ciki ba tare da wahalar chroot ba. Na gwada shi a wata kwamfuta a gida ya yi aiki lafiya. A kan RAID mai ƙafa ɗaya dai ni na fi yarda da hanyar hannu, ina ganin kowane mataki da idona.

To yanzu inda bai yi min ba, ko ince inda ya kamata mutum ya sani kafin ya dogara da shi.

Akwatin kayan aiki ne, ba makaniki ba ne. Ba zai ce maka ga matsalarka ba, ba zai tambaye ka ka tabbata ba, kai ne root daga daƙiƙar farko, in ka juya if da of, wato inda za a kwafo da inda za a zuba, a umarnin kwafa na dd, ko ka yi mkfs mai fomat a faifan da ba shi ba, zai yi maka biyayya cikin ladabi ya share komai. Wanda bai taɓa zama a baƙin allo ba in ya ɗauke shi a ranar tashin hankali, gyaran gangar Auzinawa kawai zai yi. Irin wannan mutumin gara ya nemi Boot-Repair mai maɓalli ɗaya, ko Super Grub2 Disk da zai taimaka masa ya tada tsarin tukuna, ko ma faifan ɗora Debian ɗin kansa, yana da yanayin ceto a ciki da yake haɗa RAID ya yi maka chroot da kansa. Na san wasu za su ce to me ya sa ban bi wannan ba tunda Debian ce, amsar ita ce ina so in duba lafiyar faifai in kwafe kaya kafin in taɓa komai, a nan kuma SystemRescue ya fi shi kaya nesa ba kusa ba.

SystemRescue ba ya tashi in Secure Boot, tsaron da ke hana tada tsarin da ba a sa wa hannu ba, a kunne yake, sai ka shiga saitin na'ura ka kashe, in kuma wanda ya gabace ka ya sa wa BIOS kalmar sirri ya tafi da ita to ka shiga uku. Yana zuwa da katangar wuta a kunne, in ka so ka shigo masa ta netwok da SSH daga laftof ɗinka don ka zauna a kujera maimakon tsugunno a gaban akwati zai ƙi, sai ka sa nofirewall a wajen tashi ka kuma ba root kalmar sirri. Na fahimci dalilinsu, tsaro ne, amma ranar farko da na ci karo da shi sai da na canza wayar netwok sau biyu ina zaginta a banza. Komai nasa kuma Turanci ne, bayanin da ke shafinsu yana da kyau amma na wanda ya riga ya san hanya ne.

Wani abokina da yake aiki da tsofaffin na'urori ya tambaye ni ko zai yi masa a Solaris, wani tsarin Unix da ba Linux ba. In na'ura mai tsarin SPARC ce to a'a, ko tashi ba zai yi ba, na kwamfutoci masu tsarin Intel da AMD ne, can sai ka koma ok ɗin OpenBoot ka yi boot cdrom -s da faifansu ka gyara daga ciki. In FreeBSD ce, ita ma 'yar gidan Unix, a kan kwamfuta ta yau da kullum zai tashi, zai duba maka lafiyar faifai ya kuma yi maka ddrescue, amma cikin tsarin ajiyar fayil da FreeBSD take amfani da su, ba ya zuwa da ZFS, UFS kuma Linux karatunsa ya fi iyawa ba rubutu ba, don haka gara ka riƙe filashin FreeBSD ɗin kanta. Sunan Unix yana da faɗi, wannan na 'yan gidan Linux ne, sai kuma ɗan taimakon da yake yi wa Windows wajen kwashe fayil.

Wajen sa shi a filashi, in daga Linux ne dd ya isa, in Windows ce Rufus, ni yanzu na koma Ventoy saboda ina jefa shi tare da Clonezilla da Debian a filashi ɗaya in zaɓi wanda nake so. Shawarata dai a sauke shi yau da ake zaman lafiya a gwada shi a kan sabar a ga ya tashi, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma girmansa ya kusa giga guda ko ya ɗan fi, ba abin da za ka tsaya saukewa da netwok ɗin waya ba ne mai makaranta tana tsaye a kanka.

Ranar Litinin na je kasuwa sayen sabon faifai, anan ma filashin ya ƙara yi min rana. Wani mai shago, ba zan faɗi wanene ba, ya miƙo min faifai a leda mai sheƙi ya rantse sabo ne dal daga kwali. Nace Alhaji ba ƙin yarda ba ne amma bari in gwada, yace bismillah. Na jona shi a kwamfutar shagon na tashe ta da filashina, smartctl -a, na gangara layi na 9 mai ƙirga awannin da faifai ya yi a kunne, sai ga shi ya haura awa dubu 20, wato ya yi sama da shekara biyu yana juyi a wani wuri kafin a goge shi a sa masa leda. Na juya masa sikirin. Ya kalla ya kalla yace wlh shi ma haka aka kawo masa, ya shiga ciki ya ɗauko wani, wannan sifili ya nuna. Ban yi masa musu ba, mai yiwuwa shi ma ungulu da kan zabo aka yi masa. A sani dai akwai masu iya goge wannan ƙirgen ma, don haka sifili ba shaidar ƙarshe ba ce, amma yana kama masu kasala.

Da yamma bayan an tashi daga makaranta na sa sabon, sfdisk -d na kwafe jadawalin tsohon na zuba masa, mdadm --add, na zauna ina kallon /proc/mdstat yana hawa kaɗan-kaɗan, na roƙi Hajiya a bar janareta a kunne har ya gama, kusan awa uku, tace man dai daga kuɗin aikina za a cire, wasa take amma ban yi dariya sosai ba. Da ya gama na yi dpkg-reconfigure grub-pc na yi wa faifan biyu alama, yadda ko an sabunta GRUB nan gaba duka biyun za su samu. Na saita imel ɗin mdadm na tura na gwaji ya shigo wayata. Sannan na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko, na kashe na zare faifai ɗaya na kunna ta tashi, na mayar na jira suka daidaita washegari, na zare ɗayan ita ma ta tashi.

In maki zan ba shi, 9 cikin 10 ga wanda ya san baƙin allo, ɗayan na riƙe ne saboda Secure Boot da rashin ZFS. Ga wanda bai sani ba kuwa ba zan ba da maki ba, zan ce ya samo tsohuwar kwamfuta da ba kowa ke so ba ya lalata GRUB ɗinta da gangan ya gyara sau uku tukuna. Yaron nawa abin da na sa shi kenan yanzu, jiya ya kira ni wai ya yi grub-install a kan filashin maimakon faifan, nace ya duba takardar da ya rubuta lambobin, yace bai rubuta ba.